Ban Goge Maganar Hajiya Ba

Shagona na kafinta yana Hayin Banki. Gado da kujeru da durowar kaya nake yi, yawanci na amare. Da na shiga ajin yaƙi da jahilci na fara haɗa baƙaƙe, sai na buɗe shafi a waya, ina ɗaukar hoton aikina ina ɗorawa.

Gab da ƙarshen shekara, lokacin da bukukuwa ke yawa, wata Hajiya daga Malali ta yi rubutu a ƙarƙashin hotona. Ni na yi wa 'yarta durowa. Ta ce ƙofar ta karkace, ta ƙi rufuwa ranar jere a gaban dangin ango, kada kowa ya sake kawo min aiki. A lokacin gidaje biyu ne ke magana da ni kan kayan ɗakin 'ya'yansu, kuma duk a shafin suka gan ni. In suka janye, shagon zai riƙa wuni babu ƙarar zarto har shekara ta fita.

Ina zaune ina bin rubutun da yatsa, maƙwabcina ya leƙo. Shi ma kafinta ne.

"Malam ɗalibi, me kake jira? Goge, ka toshe ta. Ko ka ba ni wayar in wanke maka Hajiyar tas."

"Ka wanke ta da me?"

"Da baki mana! Haka na yi wa wata 'yar Kinkinau. Har yau ko tari ba ta sake yi ba."

"Ƙawayenta ma ba su sake zuwa shagonka ba."

"Ka ji matsalar wanda ya koyi karatu da furfura," ya ce, ya koma yana dariya.

Matata ma cewa ta yi in goge. Na ƙi. Mutane sun riga sun karanta. In na goge, cewa za su yi na gudu, ni kuwa ban taɓa gudu daga aikin hannuna ba. Zagi kuma ba ya miƙe ƙofa.

Na zauna na rubuta amsa da kaina, ina gogewa ina sakewa: "Hajiya, ki yi haƙuri. Aikina ne. Gobe zan zo in duba." Ban bari kowa ya ƙara min ko kalma ɗaya ba.

Washegari na hau keke napep da kayan aikina. Ƙarfen da ke riƙe da ƙofar ne ya saki wajen lodi a mota. Na canza shi, na buɗe na rufe a gabanta. Ba ta ba ni haƙuri ba, ban kuma nema ba. Da yamma ta rubuta a ƙarƙashin amsata: "An gyara."

Gida ɗaya ya janye, suka kai aikinsu wani wuri. Na ji zafin hakan, ba zan ɓoye ba. Na biyun wani malamin makaranta ne ɗan kudancin Kaduna, 'yarsa za ta yi aure a coci bayan Kirsimeti. Ya zo shagon da kansa, ya daɗe yana girgiza ƙafar wani gado.

"Baba, na karanta rigimarku da Hajiya," ya ce. "In tawa ƙofar ta karkace, ni ma a shafin zan rubuta."

"Ka rubuta, Malam. Zan zo."

Ya ciro igiyar da ya auna ɗakin amarya da ita, ya miƙo min.