Dakashin da Tsohuwa Ta Mayar Mini

Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara talatin da 'yan kai, ban daɗe da fita takaba ba, ina zaune da 'ya'yana huɗu a wani ƙauye na ƙasar Karaye. Abin da na mallaka a duniya shanu ne mata guda uku da na gada daga mahaifina, suna ɗaure a garke bayan ɗakina. Da nononsu nake cefane, da takinsu nake noma 'yar gonar gyaɗar da marigayi ya bar mana. Ni mace ce mai saurin zargi, wannan ba zan ɓoye ba, ko kaza ce ta daina ƙwai sai na tuno wanda ya shigo gidan jiya. Na rubuto muku ne saboda abin ya tsaya mini a rai, kuma ba zan ambaci sunan kowa ba.

Katangarmu ɗaya da wata tsohuwa da muke ce wa Iya. A gidan masu shanu ta tashi can wajen Rogo, aure ya kawo ta garinmu, mijin ya rasu, 'yarta ɗaya tilo kuma tana aure a Rogo. Ƙuli-ƙuli take soyawa, yaran unguwa su saya. Ba ta da yawan magana, kuma in ta kalli abu takan daɗe tana kallonsa. Wannan kallon nata na tsana tun kafin ya zame mini hujja.

A gidanmu, in saniya ta haihu, tatse dakashi ake yi tas, wato nonon farko mai kauri mai ruwan ƙwai, a dafa shi ya daskare a raba wa maƙwabta. Mahaifiyata ta ce ya yi wa cikin jariri nauyi, don haka ba a barin maraƙi ya kama nono sosai sai ya yi fari. Da damina ta farko bayan rasuwar maigida babbar saniyata ta haihu, na yi yadda na taso na gani, na aika wa Iya nata kwanon. Ba a jima ba sai ga ta da kwanon a hannu, ko taɓawa ba ta yi ba. Ta ce wannan rabon maraƙin ne, ba namu ba, in bar shi ya sha na uwarsa tun yau. Ta leƙa garken ta daɗe, ta ce maraƙin kyakkyawa ne, amma wurin ya cika caɓi, in kwashe kashin shanun nan in fitar. Na lura ba ta ce tubarkalla ba. A raina kuma na ce, lallai, takin da nake tarawa don gona ne ya tsole mata ido.

Kwana huɗu da haihuwa maraƙin ya fara zawo, ruwa-ruwa, fari-fari, ga wari. Idanunsa suka faɗa, kunnuwansa suka yi sanyi, ya daina tashi. Kwana biyu ya mutu. Ina tsaye a kansa, babu abin da ke yawo a kaina sai kwanon nan da aka mayar mini. Me zai sa mutum ya ƙi kyauta in ba ya san abin da zai ci ya fi ta ba? Haka na riƙa tambayar kaina.

Da ta biyun ta haihu na hana Iya shigowa. Na yi hayaƙi, na rataya laya a turke, na sake tatse dakashin na raba, ban da ita. Duk da haka ta ɗaga murya ta bayan katanga tana tambayata ko na bar shi ya sha. Ita ma maraƙar da aka haifa ta kwanta da zawo, nata har da jini, ba ta cika mako ba. Daga nan na gama yanke hukunci. A wani gidan suna, mata sun cika tsakar gida, aka yi mini jajen maruƙa, sai na ce ni dai na san idon da ya kalle su, kuma Allah yana gani. Ban kira suna ba, ban furta kalmar maita ba, kuma na daɗe ina kare kaina da hakan. Amma kowa ya san wadda muke katanga ɗaya da ita. Kafin wata ya ƙare an daina aiken yara sayen ƙuli-ƙulinta. In ta fito ɗiban ruwa sai mata su janye goyonsu. Ni kuwa har daɗi na ji, Allah ya yafe mini.

Saniya ta uku ta haihu, na kewaye garken da zana yadda ko kaza ba za ta leƙa ba. Maraƙin ya kwanta kamar 'yan'uwansa. Maimakon in farga sai na ce ai irin su Iya ba sa buƙatar ƙofa. Ƙanena ne ya gaji da ni, ya ɗauko malamin dabbobi a mashin. Mutumin ya tsuguna ya duba zawon, ya ja fatar wuyan maraƙin ya sake ta, ta tsaya a tattare, sannan ya tambaye ni ko ya sha nonon farko. Na faɗa masa al'adarmu har da alfahari. Ya ce maraƙi yakan zo duniya ba shi da garkuwar jiki, dakashin nan ne garkuwarsa, kuma a yinin farko yake yi masa amfani. Ya ce ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna zaune cikin kashin shanu da caɓin da nake tarawa, su manne a hantsar uwa da robar da nake ba su ruwa, su shiga ta baki. Zawon na farko da ban kwashe ba shi ya jira ta biyu, na ta biyu ya jira wannan. Ya sa muka mayar da shi busasshen wuri, ya yi masa allura, ya koya mini ɗura masa ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, ya ce in riƙa wanke hannu da sabulu don yara ma suna iya ɗauka. Yana haɗa kayansa ya tambaye ni, duk unguwar nan babu wani babba da ya san shanu da zai faɗa mini haka? Na sunkuyar da kai.

Maraƙin ya tashi. Ni ce na kasa tashi in zagaya katanga taku goma. Kullum sai in ce gobe. Ina cikin goben nan, lokacin cirar gyaɗa, surukin Iya ya zo da mota ya kwashe ta da 'yan komatsanta.

Ranar kasuwar Rogo na bi ta. Na same ta a tsakar gidan 'yarta tana ɓarar gyaɗa, ta rame. Na durƙusa, ban gama gaisuwa ba ta tambaye ni ko na ukun ya rayu. Ta ce tana jin kukansa ta katanga, ta san ko mene ne, amma ta ji tsoron in ta sake buɗe baki ya mutu a ce ita ce. Na yi kuka na nemi gafara. Ta ce ta yafe duniya da lahira, amma ba za ta koma inda yara ke gudunta ba.

Na dawo na bi gida-gida ina faɗa wa mata gaskiya, na maimaita a gidan suna kamar yadda na ɓata ta a gidan suna. Wasu sun yarda. Wasu kuwa har yau cewa suke ai ɗaure mini baki ta yi, shi ya sa na juya. Ɗakinta yana nan a kulle, yara suna ratsewa ta ɗaya gefen hanya.

Ina roƙon masu kiwo, musamman 'yan'uwana mata, ku bar wa maraƙi dakashinsa, ku share garke, in ya fara zawo ku nemi malamin dabbobi kafin ku fara tuno wanda ya shigo gidanku. Maruƙa biyu na rasa, kuma shanuna sun sake haihuwa. Maganar da na saki a gidan sunan nan kuwa na bi ta gida-gida ban iya dawo da ita ba, kuma wadda na jefa da ita, ita ce kaɗai ta faɗa mini gaskiya a unguwar.