Motar da Take Sallama a Bakin Lungu

A duk shekarun da na yi ina aikin salansa a Makka, ranar da ba ta fita raina ita ce ranar da wata tsohuwa ta soke aikina ba tare da ta ga motar ba. Ku da kuka shigo warsha kwanan nan kuna ganin kamar kun gama sanin ƙarfe, ku matso ku ji.

A watan Muharram ne, bayan alhazai sun watse gari ya yi sauƙi. A lokacin ni ne babban mai walda a warshar Mu'allim Usman, mutumin da iyayensa suka zo ta Sudan, mai faɗa kamar me amma zuciyarsa fara. Sai ga wani saurayi, Faisal, ya kawo wata tsohuwar motar Amurka a bayan babbar mota. Irin masu dogon gaba ce, ƙofa biyu, silinda takwas. Kakanninsa Kanawa ne, shi kuwa a nan aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci.

"Ya Ammi," ya ce da ni, wato baffa, "sayyarar babana ce, Allah ya jiƙansa. Ina ƙarami ya rasu. Ummi yanzu idonta ya tafi, jikin ma sai a hankali. Kullum tana cewa ta yi kewar muryar motar nan. So nake ta sake ji tun tana da rai."

Inji an riga an tashe shi a wani wuri. Abin da ya rage shi ne hanyar hayaƙi, domin wani makanike da ya taɓa kwance motar ya ɓatar da bututun gaba ɗaya, kuma babu wanda ya san irin wanda marigayin ya sa.

Bari in yi bayani saboda waɗanda ba 'yan sana'a ba. Kowace silinda tana fitar da hayaƙi. Abin da muke kira hedas bututu ne da ake ba kowace silinda nata, su sauko su haɗu a ƙasa kafin su shiga salansa. Akwai gajere, akwai dogo. Gajere yana naɗewa kusa da inji, ɗaurawa ba wuya, ba ruwansa da ƙasa. Dogo kuwa ya fi ba inji numfashi, muryarsa ta fi kauri, amma yana saukowa har ƙarƙashin mota. A garin da kowane lungu ke da maɗab, wato tudun nan da ake yi don rage gudu, dogon hedas neman rigima ne.

Mu'allim Usman ya ce dogo. "Mota irin wannan a sa mata gajere? Ai kamar ka sa wa ƙato wandon yaro ne."

Na ce masa, "Mu'allim, ka san inda gidansu yake? Kan dutse. Wata biyu ba za a yi ba sai bututun ya lotse, kuma ni za a zaga, ba kai ba."

Muka yi ta ja har aka kira azahar. Ni mutum ne da in na kafe na kafe, Faisal kuma ya ga maganata da hujja, sai ya bi bayana. Muka samo gajere mai kyau a wani shago a Aziziyya. Na ɗaura, na duba kowane noti, na tabbatar babu inda hayaƙi ke tsiyaya. Da muka tayar da ita, har masu fenti na maƙwabta sai da suka leƙo. Na ji daɗin aikin nan ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Bayan la'asar muka nufi gidan, Faisal na tuƙi, ina gefensa. A bakin lungunsu akwai wani tsohon maɗab na siminti, mai tsayi kamar kabari. Na nuna masa yadda zai hau shi a karkace, a hankali. Muka wuce lami lafiya, ko ƙura ba mu taɓa ba. Na ce a raina, ina ma Mu'allim yana nan.

Mahaifiyarsa, Hajiya Rabi, tana zaune kusa da taga, 'yarta Maryam na gefenta. Na gaishe ta, ta amsa da fara'a. Faisal ya durƙusa yana jiran ta yi magana.

"Na ji wata mota ta tsaya," ta ce. "Baƙi muka yi?"

"Ummi, sayyarar Baba ce!"

"A'a, ɗan nan. Wannan dai mota ce mai ladabi, Allah ya sa alheri. Ta Alhaji ba ta shigowa gida ba sallama."

Na ga fuskar yaron ta faɗi. Na matsa na ce, "Hajiya, wace irin sallama take yi?"

Ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce tun daga gindin dutse ake fara jin gurnaninta, mai kauri, har kofunan shayi na rawa a faranti. Idan ta iso bakin lungu kuma sai cikinta ya goga a tudun nan, ƙurrr! Daga nan sai a jiyo muryar Alhaji ta taga: "La haula, yau ma!" Ta ce, "Shekara da shekaru, da wannan nake ɗora shayi. Kafin ya cire takalmi ruwa ya tafasa. Kullum sai ya ce gobe zai sa a fasa tudun, har Allah ya karɓi abinsa bai fasa ba."

Ashe dogon hedas marigayin ya sa, kuma abin da na kwana na wuni ina gudu shi ne ainihin abin da ake nema.

Kada ku tambaye ni abin da na sha wurin Mu'allim Usman. Sati guda yana kirana "mai mota mai ladabi". Ko shayi zai miƙo mini sai ya ce, "Karɓa a karkace, a hankali." Amma da aka zo aiki, tare muka zauna muka yi shawara. Dogon sai da aka yi odarsa daga waje, ya iso cikin Safar. Na ɗaura shi, na naɗe shi da abin tare zafi don kada ya gasa ƙafar mai tuƙi. Sannan na yanko farantin ƙarfe mai kauri, na ɗaure shi da noti a jikin firam, wato ƙashin motar, ƙasa da bututun kaɗan. Shi zai riƙa shan gogar, in ya cinye a sake wani. Ban taɓa auna mota don ta taɓa ƙasa ba sai wannan karon. Har lungun na je da abin awo, yaran unguwa na kallona kamar mahaukaci.

Ranar gwaji na biyu ban shiga motar ba. Na riga Faisal zuwa gidan, na zauna daga bakin ƙofa. Ba mu gaya wa Hajiya komai ba, ta ɗauka gaisuwa na zo. Tana cikin ba ni labarin Kano da ba ta taɓa gani ba sai a bakin kakarta, sai ta katse maganar ta kasa kunne. Gurnani ya taso daga gindin dutse. Kofunan da ke faranti suka fara 'yar rawa. Ta dafa taga.

Ƙurrr!

"La haula, yau ma!" Ita ce ta faɗa, da ƙarfi, da irin muryar mijinta. Sai ta juya ta ce, "Maryam, tashi ki ɗora shayi, ga shi nan ya..." Ba ta ƙarasa ba. Ta rufe baki da mayafi, tana dariya hawaye na zuba. Ni ma, ƙaton banza, sai na tsinci kaina ina share ido da hannun riga mai baƙin mai.

Faisal ya shigo da gudu ya faɗa jikinta. Ta shafa kansa ta ce, "Kai ma ba ka iya tuƙi ba, kamar ubanka."

Maryam ta ɗora shayin, muka sha. Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini tsohuwar mota, kafin in ce dogo ko gajere sai na tambaye shi wa zai ji ta, kuma me yake jiran ya ji. Ku ma ku riƙa tambaya. Farantin nan kuwa na sake shi sau da yawa, domin kullum bayan la'asar Faisal sai ya zagaya ya hau tudun, Hajiya kuma ba ta yarda a ɗora shayi sai ta ji.