Rantsuwar Labbo a Kotun Argungu

Labbo na Gulma manomin shinkafa ne. Duk wanda ya zauna da shi a fadama ya san ba ya barin gonarsa ranar aiki, ba shi kuma da yawan magana. Bai yi boko ba, Sakkwato ma sau biyu ya taɓa zuwa, ga shi kuwa a wancan zamani can ne babban birnin jiharmu. 'Ya'yansa bakwai, amma in aka tambaye shi sai ya ce shida, domin Ma'u 'yar fari ce, a gidansu kuwa ba a lissafa ɗan fari, ba a kiran sunansa. Ana yaye ta yayansa Malam Usmanu ya ɗauke ta riƙo zuwa unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi. In ta zo hutu ta durƙusa gaishe shi, sai ya amsa yana kallon wani gefe. In ta kama dole ya yi zancenta, yarinyar Malam yake cewa. Ba ƙi ba ne, kunya ce ta gado. Mahaifiyarta Laure ta sha gaya mana cewa shinkafar da aka fara sussukawa kowace shekara Nasarawa ake kai ta.

Da sunan mariƙinta Ma'u ta yi makaranta, takardunta duk Ma'u Usmanu suka ce. A shekarar 1986 Sama'ila, ɗan Malam da ke karatu a Alƙahira, matarsa ta haifi tagwaye, ba mai taya ta. Aka shirya Ma'u ta tafi. Wajen yin fasfo Malam ya dage a sa sunan ubanta na haihuwa, aka rubuta Ma'u Labbo, ba wanda ya ga wata matsala. Aka ba ta bizar ziyara ta wata uku, can kuma aka ƙara mata uku.

Yawan kai tagwaye asibiti ya sa ta san wata makarantar koyon ungozoma. Ta yi jarrabawa, aka ɗauke ta. Sai ga wasiƙar Sama'ila. Ya ce bizar ziyara ba ta ba mutum izinin karatu, sai an juya ta zuwa izinin zaman ɗalibi, amma ofishin baƙi ya ga suna biyu, ɗaya a fasfo, ɗaya a takardun makaranta. Suna son mahaifi da kansa ya rantse a kotu cewa mutum ɗaya ce, kuma ya amince. In bizar ta ƙare ba takarda, gida za ta dawo, gurbinta a ba wata. Saura kwana talatin da biyar ranar da ya rubuta, wasiƙar kuma ta ci sha shida a hanya.

Malam Usmanu ya iske ƙanensa tsakiyar girbi, ya karanta masa. Labbo ya ce ai Malam ya riƙe ta, shi ya dace ya rantse. Malam ya nuna masa inda aka ja layi ƙarƙashin kalmar mahaifi. Labbo ya kawo shawarar a tura limamin unguwa, ya kawo ta mai gari, duk Malam ya girgiza kai. Ya daɗe yana kallon shinkafar da ta rage a tsaye, sannan ya tambaya ko ita yarinyar tana son abin nan da gaske. Malam ya ce shafi biyu ta cika da roƙo a bayan wasiƙar yayanta. Labbo ya aje lauje.

Washegari suka shiga motar Argungu. Magatakardan kotun, Malam Abu, Bakatsine ne, yana jin Kabawa ne ya gyara zama don wasan da ke tsakaninsu. Ya tambayi sunan yarinyar, Labbo ya ce yarinyar nan ta wajen Malam. Ya sake tambaya, Labbo ya nuna wasiƙa da haɓa.

"Ku Kabawa kifi ya cinye muku harshe," in ji Malam Abu. "Baba, in rubuta Yarinyar Nan a aika wa Larabawa?"

Mutane suka yi dariya, Labbo bai yi ba. Ya roƙa a bar shi ya dangwala yatsa kawai. Alƙali dattijo ne, ya gane abin da ke faruwa, don shi ma yana da ɗan fari. Ya ce rantsuwa da baki ake yin ta, wannan ba shi da ikon sauyawa, amma ya sa aka fitar da kowa, ya rage daga shi sai Labbo sai magatakarda sai Malam Usmanu. Labbo ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani, gumi na bin wuyansa. Har Malam Usmanu ya fara tunanin sun yi zuwan banza.

"Ma'u Usmanu da Ma'u Labbo mutum guda na," in ji Labbo, idonsa na ƙasa. "Ɗiyata ta, ni na haihe ta. Na yarda ta yi karatu."

Malam Abu ya rubuta bai ƙara wasa ba. Malam Usmanu da kansa ya kai takardar Kano, ya ba wani ɗalibi mai komawa Misira hannu da hannu. Ta isa saura kwana huɗu.

Ma'u ta gama karatunta, ta dawo ta yi shekaru tana karɓar haihuwa a Argungu. Ita ta ba mu ƙarashen labarin. Ta ce a bakin ofishin baƙi ta karanta takardar, ta tambayi Sama'ila ko da bakinsa Baba ya faɗi wannan. Sama'ila ya ce kotu ba ta bayar da irinta sai haka. Sai ta zauna a kan matakala da takardar a cinya, har sai da ma'aikaci ya kira ta sau biyu kafin ta tashi ta miƙa fasfo, aka buga mata izinin shekara guda.