Gwiwar da Aka Yi wa Shaida

A Kwoi, in ka ce Mama Hulda ba a gane ba, ka ce matar marigayi Meshak mai gonar citta a bayan rafi, wadda ba ta taɓa rashin lafiya ba. Wannan na ƙarshen ba gaskiya ba ne, amma ita ta kafa labarin, mu kuma muka bi. Katanga ɗaya ce tsakanina da ita tun muna amare, kuma tare muke Zumuntar Mata a majami'a, ita a gaba tana kaɗa tulun kiɗa, ni a baya inda ake ajiye masu muryar da ba a son ji. Saboda haka na san nishinta. Matar da ta haifi ɗanta Gershon, washegari aka gan ta a tsakar gida tana tsaga citta, wai zaman ɗaki na masu kuɗi ne.

Citta kuwa ba ta san tausayi ba. A durƙushe ake shuka ta, a sunkuye ake rufe ta da ganye, a tsugune ake tono ta. Haka shekaru suka cinye gwiwoyin Hulda, har ya zama in ta tashi daga kujera sai ka ji ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen kara. Ka kuskura ka ce mata sannu, ka sha harara.

Da Gershon ya zo Kirsimeti daga Kaduna, inda yake aikin gwamnati, ya ga uwarsa tana sauka daga dakali da baya-baya tana dafa bango. Nan take ya yanke hukunci irin na masu ofis.

"Mama, idan ruwa ya sauka ba ki iya zuwa gona da ƙafan ki ba, zan ba wani gonan, in ɗauke ki zuwa Kaduna. Na gama magana."

Wannan gona ita da Meshak suka sare dajinta. Ko shekarar da cuta ta ruɓar da citta a ƙasarmu, mutane suka koma masara, ita ba ta bar ta ba. Kaduna a wurinta ɗaki ne a saman bene da talabijin. Ba abin da take tsoro a duniya kamar wannan.

Ana haka aka yi sanarwa a majami'a cewa wani asibiti a Kafanchan yana binciken magunguna, ana neman masu ciwon gaɓɓai. Hulda ta ce za ta je, ba don tana ciwo ba, don dai ta taimaki likitoci. Emilia ma ta ce za ta. Emilia ita ce gwanar ƙorafi ta zumuntarmu, in ka gaishe ta sai ka nemi wurin zama, domin daga wuya za ta fara ta gangaro har ɗan yatsan ƙafa. Ni na raka su.

A can muka tarar da layi. Akwai 'yan mata masu cutar lufus, wadda jiki ke juyowa yana yaƙar kansa, da masu amosanin da ke karkace yatsu, sai tsofaffi irin namu da guringuntsin gwiwa ya cinye. Nas ɗin da ke kula da masu gwiwa, Sista Doreen, ta yi bayani da Hausa tiryan-tiryan. Wasu za a ba su sabon magani, wasu ƙwaya mai kama da shi wadda ba komai a ciki, kuma ko ita ba ta san wanda ya samu wanne ba. Duk zuwa za a nuna maka kati mai fuskoki, daga mai dariya har mai kuka, ka taɓa wadda ta yi daidai da ciwonka. Wanda ciwonsa bai ragu ba za a cire shi daga ƙwayar, a yi masa allura a gwiwa, a haɗa shi da likitan ƙashi. Hulda ta ji wannan da kunnenta, ina zaune kusa da ita.

Bayan 'yan makonni sai ta ji gwiwa ta yi sakayau. Rani ne, ba aikin gona, yini take a zaune a inuwar mangwaro, amma wa zai tsaya lissafin wannan? Ranar Lahadi da aka kira masu shaida, sai ga Hulda ta taso daga ƙofar baya da rawa, zakara a hammata, tiren citta a ka, matan zumunta na biye da guɗa.

"Ikilisiya, ku yabi Ubangiji! Gwiwa na ya warke. Yesu ya gama aiki, ba saura!"

Ta miƙa wa Fasto sandar da take dogarawa. Shi kuma, don kada albarka ta tafi a banza, ya sa aka buga ƙusa kusa da bagade, a gaban majami'a, aka rataye ta, kowa ya riƙa gani yana ƙarfafa bangaskiya.

To, a wurinmu ba a janye shaida. In ka tsaya gaban jama'a ka ce an warkar da kai, ka warke ke nan, ko jikinka ya yarda ko bai yarda ba. Ka dawo ka ce ciwo ya dawo, sai a fara tambaya ko Ubangiji yana aikin rabi ne, kuma tunda ba ya yi, sai a koma binciken zunubinka. Mu mutane ne masu saurin yafe wa ɓarawon akuya, amma ban da wanda ya kunyata shaida.

Da ta fara gyaran gona, gwiwar ta kumbura kamar gwanda. Ta katanga nake jin ta tana jan ƙafa. Ranar komawa asibiti sai da ɗan acaɓa ya ɗaga ta ya ɗora a babur.

Sista Doreen ta taɓa gwiwar, Hulda ta cije leɓe. Sista ta miƙa mata kati. Hulda ta sa yatsa a kan mai dariya.

"Mama, gwiwan nan yana da zafi fa. Ki nuna mini gaskiya."

"Yarinya na, na riga na ba da shaida."

"Nan ba coci ba ne, Mama. Ba wanda zai ji. Abin da kin nuna shi zan rubuta, ba zan iya ji miki ciwo ba."

"Allah zai ji," in ji Hulda, kuma ba ta ɗaga yatsan ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata Allah ya san gwiwar tun kafin Fasto ya san ƙusa. Ta ce in yi shiru, ni da ko waƙa ba na iya ɗauka.

Emilia fa? Ta danna mai kuka har kati ya lanƙwashe, sannan ta tambaya ko akwai wata fuskar a baya. Aka yi mata allura, likitan ƙashi ya duba ta, aka koya mata motsa ƙafa. Matar da muka yi shekaru muna wa addu'ar ƙarin bangaskiya, sai ga ta tana zuwa kasuwa a ƙasa. Ban san wace ƙwaya aka ba Hulda ba, kuma ban damu in sani ba. Ina dai tausayin masu binciken, da suka rubuta ta cikin waɗanda suka samu sauƙi.

Ruwan farko ya sauka, Gershon ya iso. Hulda ta ɗaura zanen zumunta, ta saɓa fartanya, ta kama hanyar gona ba sanda, tunda sandar tana aikin Ubangiji a bango. Muna biye da ita. Ta wuce makaranta, ta wuce injin niƙa, gumi na zuba. A bakin rafi, ana hango gonar a tsallake, ta zauna a kan dutse. Ta ce iska take sha. Muka tsaya muna jira ta gama shan iskar. Gershon ya juya ya tafi ɗauko mota, ni kuma na yi kuka, ban ɓoye ba.

Emilia aka ba gonar. Ranar Lahadi Fasto ya sanar cewa Mama Hulda ta tafi Kaduna ganin jikoki da ƙafafunta biyu, jama'a suka tafa. Sandar tana nan a rataye, yara masu shara suna goge mata ƙura.

Jiya na kira ta a waya. Na ce, "Maman Gershon, yaya gwiwa?"

"Ya warke," ta ce. Ina jin talabijin a bayanta. Can ta ce, "Emilia ya rufe citta da ganye kuwa? Ki gaya masa gefen rafi yana son ganye da yawa. Rana yana duka wurin."