Bangon da Sumul Ya Gyara

A unguwarsu ba wanda ke kiransa da sunan yanka sai hukuma. Sumul ake ce masa, saboda idan ya gama da bango, ƙuda ma sai ya yi santsi a kai. Shekara talatin yana fenti, kuma a duk shekarun nan ba a taɓa jin ya ɗora buroshi a bangon da bai cike raminsa ba. Sai ya bi da tafin hannu, ya lalubo kowace tsaga da kowane ƙarce, ya cusa fila, ƙullin nan na cike ramin bango, ya jira ta bushe, ya goge, sannan fenti ya biyo baya. Masu gida kan gaji da shi. Matarsa ma kan ce da za a ba shi fuskarta, da sai ya cike mata gurbin ƙuraje kafin ya yarda ya kalle ta. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce: fenti ba ya rufa wa rago asiri.

Yana da ƙanwa guda, Auta, wadda ya riƙe tun rasuwar iyayensu. Mijinta mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwa, mutum mai surutu da dariya, irin waɗanda in sun gyara akwatin rediyo sai sun tsaya sun yi wa labaran da yake bayarwa sharhi. Sumul ne ya rubuta masa allon shago. Ya zana rediyo da eriya a miƙe, sai Mai Rediyo ya ce a'a, a lanƙwasa ta, domin duk rediyon da ya zo hannunsa da karyayyar eriya yake zuwa. Sumul ya yi ta mita, ya lanƙwasa.

Wata ranar Talata da hantsi mota ta tsaya a ƙofar shagon, aka tafi da Mai Rediyo. Auta, da cikinta wata bakwai, ta zaga duk ofishin da ke da ƙofa. Ko'ina amsa ɗaya: ba mu kama shi ba, ba mu san shi ba. Wani ma ya ce mata ta bincika ko ya yi wata matar a wani gari.

Bayan kusan shekara aka fara jin zancen baƙi. Akwai wani zama da ƙasashe ke yi duk bayan shekara huɗu ko biyar, kowace ƙasa ta kawo rahoton yadda take riƙe mutanenta, sauran su yi mata tambayoyi, kamar dai yadda dangi ke titsiye mai gida. A wannan karon layi ya zo kan ƙasarsu, kuma an ce wakilai za su leƙa wani gidan tsare mutane da ke bayan gari. Nan da nan gari ya cika da ƙanshin fenti. Ɗan kwangila ya zo har gida ya ɗauki Sumul, domin an ce a samo wanda ya iya.

A ƙofa aka karɓe wayarsa. An kwashe mutanen ɗakunan, ba a ce ina ba, shi kuma bai tambaya ba. Gandiroban da aka haɗa shi da shi ya ce, "Malam, shafa ɗaya kawai za ka yi. Jibi za su zo. Kada ka tsaya mana iyayi."

A ɗaki na huɗu, ƙasa-ƙasa, daidai inda kan mutum zai kai in yana kwance, tafin hannunsa ya ji ƙarce. Ya durƙusa. Rediyo ne, an kwarzana shi da ƙusa ko bakin cokali, eriyarsa a lanƙwashe. A ƙarƙashinsa kwanan watan wannan Talatar, sai layuka a jere, biyar-biyar.

Gandiroba yana can bakin ƙofa yana sakace. Ba wanda ya ce a cike komai. Da Sumul ya bi umarni ya yi shafa ɗaya, da zanen ya fito ta cikin fenti ɓaro-ɓaro, duk mai ido ya gani. Shi ya fi kowa sanin haka. Amma yana tunanin in baƙi suka gani za a tambayi wa ya yi ɗakin, kuma kafin ya gama tunanin hannunsa ya riga ya kai ga gwangwanin fila. Hali zanen dutse. Ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya yana cikewa, bakinsa na ƙirgawa ba da izininsa ba. Ɗari da arba'in da uku. Ya jira ta bushe, ya goge, ya yi shafa biyu.

Gandiroba ya leƙo ya ce, "Kai, lallai an ce ka iya."

Wakilai suka zo, suka zaga, suka tafi. Bayan wasu watanni aka nuna zaman a talabijin: babban ɗaki, kowa da abin saurare a kunne, jami'in ƙasarsu yana cewa babu wani da aka tsare a ɓoye. Aka nuna hotunan ɗakunan, fari tas. Maƙwabta suka yi ta taya Sumul murna, wai aikinsa ya tsallaka teku. Auta na zaune a tabarma tana shayar da 'yarta. Ta ce, "Yaya, ai ka shiga wurin. Ba ka ga wata alama ba?"

Ya ce, "Bango ne kawai, Auta."

Wannan magana ita ta zauna masa a ƙirji shekara huɗu. Ya ciyar da Auta, ya sa yarinyar a makaranta, ya gyara musu rufin ɗaki, har mutane na cewa kowa ya samu yaya irin Sumul ya gode wa Allah. Duk lokacin da aka faɗi haka sai ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya san abin da yake yi: fila yake cusawa. Ya rage zuwa gidanta, in ya je ba ya zama, kuma ya daina bi ta bakin kasuwa don kada ya haɗa ido da allon shagon. Ya gaya wa kansa cewa faɗar ba za ta dawo da kowa ba, gara a bar kaza cikin gashinta. Wata rana ya yarda da hakan, wata rana kuma ya ƙaryata kansa.

Da zagaye ya sake zuwa kan ƙasarsu, wata lauya ta fara bi gida-gida tana tattara bayanan waɗanda suka ɓata, domin a aika wa masu zaman su ga abin da rahoton gwamnati ya tsallake. Ta gaya wa Auta gaskiya: labarin mota da Talata bai isa ba, ana bukatar wanda ya ga wani abu a ciki.

A makon ne Auta ta zo gidansa da safe, ɗauke da allon shagon a ka. Rana ta cinye shi, rediyon ya kusa ɓacewa.

"Yaya, ka sabunta mini shi. Kada ya dawo ya kasa gane wurinsa."

Sumul ya ajiye allon a kan benci, ya dama fenti, ya ɗauki ƙaramin buroshi. Ya zana akwatin lafiya lau. Da ya zo kan eriya, sai ya kasa zana ta. Ya ajiye buroshin ya gaya mata komai, yana kallon ƙasa: ɗaki na huɗu, zanen, kwanan watan, da abin da gandiroba ya ce da abin da shi ya yi.

Auta ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Layukan nawa ne?"

"Ɗari da arba'in da uku."

Ta yi lissafi da yatsu a hankali. "Ashe yana da rai ranar da na haihu. Yana da rai ranar suna." Sannan ta ce, "Za a iya kankare fentin a gani?"

Nan ne ya so ƙasa ta tsage. Da wani ne ya yi aikin, da an iya. "Fila ta zama ɗaya da bango," ya ce. "Ko an kankare, ba abin da za a gani. Ni na yi."

"To tashi," in ji ta. "Tunda ka rufe bakin bango, sai ka buɗe naka."

A ofishin lauya ya faɗi abin da ya gani, aka rubuta, aka karanta masa. Lauyar ta gargaɗe shi cewa sunansa zai shiga takarda, kuma ba ta da tabbacin abin da zai biyo baya. Ya ce ya ji. Ya roƙi farar takarda, ya zana rediyon yadda yake a bangon, da eriyarsa a lanƙwashe, ya ja layukan biyar-biyar har ɗari da arba'in da uku, sannan ya sa hannu.

Har yau Sumul na fenti, kuma har yau Mai Rediyo bai dawo ba. An ce a wurin zaman wata ƙasa ta yi tambaya a kan ɗaki na huɗu, aka amsa cewa za a bincika. Auta tana zuwa gidansa, tana gaishe shi, tana aiko yarinyar da abinci ranar hutu. Sai dai tun ranar allon nan ba ta sake ce masa Yaya ba. Sumul take kiransa, kamar kowa.