Ranar da Mai Suma Ya Je Aski

Tun muna samari ake kiransa Mai Suma, kuma sunan bai yi masa yawa ba. Gashi ne baƙi wul, mai cika. Da ya buɗe shagon aski ko hoton manna wa bango bai saya ba, kansa ya ishe shi talla. Ni da nake ɗinki a shagon da ke jikin nasa, na sha ganinsa yana gyara gaban goshi a madubi, alhali ga mutum zaune da ƙyalle a wuya yana jira.

Sai sanƙo ya shigo masa ta tsakar ka. Ya fara sa hula, shi da ke cewa hula ta masu abin ɓoyewa ce. Mu kuwa ba mu raga masa ba. Kullum da safe sai na leƙa na ce, "Mai Suma, yaya iyali, yaya sauran gashi?" Yakan yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki.

Matarsa ce ta tura shi wurin likitan fata. Likita ya rubuta masa maganin shafawa, ya kuma ja masa kunne: "Da farko zubar za ta iya ƙaruwa. Tsohon gashi ne ke sauka, sabo na turo shi. Kada ka daina, ka dawo mu duba."

Ya ji, amma da abin ya zo sai ya manta ya ji. Gashi a matashi, gashi a mataji, gashi a wuyan riga. Matar takan kakkaɓe matashin tun bai lura ba, sai dai ba a ɓoye wa mai aski gashi. In yana sharar shago da yamma, sai ka gan shi ya tsuguna yana tona tarin da yatsa. Wanda inji ya yanka guntu ne; nasa dogo ne, da ɗan farin kai a gindi. A wurinsa duk gashin da ya taɓa ƙasa ya gama aiki, bola ta gaje shi. Wallahi ya ba ni tausayi, har na daina tsokanarsa, shi kuma shirun nawa ya fi ba shi haushi.

Haka aka yi 'yan watanni. Ran nan ya shigo shagona ya ce, "Tela, rufe keken nan ka raka ni. Na gaji. Na jefar da kwalbar maganin a aljihun tebur, yau zan kwashe gashin duka a huta."

Mai aski ba ya yi wa kansa aski, kuma Mai Suma ba zai miƙa kansa ga yaran da suka buɗe shago jiya ba. Don haka muka tafi wurin tsohon da ya koya masa sana'a, wanda shi nasa kan ya daɗe da zama fili fetal.

"Baba, tal-kwabo," in ji Mai Suma, ya cire hula yana kallon ƙasa.

Tsohon ya ɗaura masa ƙyalle, ya kunna inji. Sai ya juya kujerar wajen taga, ya sunkuya, ya daɗe yana duban tsakar kan. Ya kashe injin.

"Yaushe rabonka da taɓa nan?"

"Me zan taɓa, Baba? A tsintsiya nake ganinsa kullum."

"To ai shi ya sa. Kana ta lissafin wanda ya tafi. Ba ni hannunka."

Ya kama yatsansa ya ɗora a tsakiyar wurin. "A hankali, ba kan wani ba ne."

Na matso na leƙa. Ga su nan, ƙanana, sirara, masu laushi kamar gashin kan jariri, sai haske ya bi ta kansu kake ganinsu.

Idon Mai Suma ya cika da ƙwalla, yatsan na tafiya gaba da baya. Akwai mutum biyu a benci suna jiran layi, kuma babu wanda ya ce masa ya tashi.