Kujerar da Ɗanta Ya Saya Mata

Ƙanwata ta yi shekara talatin tana tallan yadi gida-gida, siririya kamar sanda. Da ɗanta ya samu aiki, sai ya buɗe mata shago, ya ajiye mata kujera mai laushi. Cikin shekara huɗu ta cika kujerar, dangi na cewa hutu ya karɓe ta.

Likita ya ce jininta na hawa, ta rage ƙiba. Na ce mu riƙa zagaya unguwa da safe.

Ta ce, "Yaya, in rame a ce yaron nan ba ya ciyar da ni?"

Bara ɓarin jikinta ya shanye. Yanzu mutum uku ke ɗaga ta zuwa banɗaki, ni ce ta ukun. Masu yabon ba sa zuwa.